'Yan Mishan da Matan Mashaya a Tailan

Tun ƙarshen shekarun 1980 wasu ƙungiyoyin Kirista a ƙasar Tailan suka ɗauki al'adar shiga mashaya da dare don ƙulla zumunci da matan da ke aiki a ciki. An fi yin wannan aiki a unguwannin Patpong, Nana da Soi Cowboy na birnin Bankok, sai kuma Pattaya, garin bakin teku da ya bunƙasa lokacin yaƙin Biyetnam, sa'ad da sojojin Amurka ke zuwa hutu. Dokar ƙasar ta 1996 ta haramta karuwanci, amma mashayar na nan a buɗe. Baƙo kan biya mai mashaya wani kuɗi na musamman kafin ya fita da mace.

Yawancin matan 'yan yankin Isan ne, arewa maso gabashin ƙasar, inda noman shinkafa ba ya riƙe gida. A al'adarsu ɗa yana ɗauke da bashin alherin iyayensa. Namiji kan rage nasa ta hanyar zama a gidan ibadar Buda na wani lokaci, ita kuwa mace sai dai ta aika kuɗi. Da yawansu sun bar 'ya'ya a hannun kaka a ƙauye, kuma duk wata ana zuba musu ido.

'Yan mishan ɗin, galibi mata, kan shiga su biyu ko uku da farkon dare kafin baƙi su cika. Su sayi lemo, su zauna, su tambayi mace sunanta da garinsu da lafiyar yaranta. A wurin da wasu ke rawa da lamba maƙale a jiki, a kira mutum da sunansa ba ƙaramin abu ba ne. Ba a fara wa'azi a ranar farko. Sai an saba ake gayyatarta koyon Turanci ko gyaran gashi. Wani lokaci su kan biya wa mace wancan kuɗin fita don ta halarci bikin Kirsimeti.

Ƙungiyar Rahab, wadda Patricia Green 'yar Niyu Zilan ta kafa a Patpong a 1989, ta buɗe shagon gyaran gashi inda matan ke shiri kafin aiki. Sunan daga Littafi Mai Tsarki yake, na karuwar Yariko da ta ɓoye 'yan leƙen asirin Isra'ila. A Pattaya akwai cibiyar Tamar mai koyar da gashin burodi da yin katin gaisuwa, da cibiyar mata ta 'yan Katolika masu suna Good Shepherd. NightLight, da Annie Dieselberg ta fara a Bankok a 2005, ta ɗauki mata aikin haɗa sarƙoƙi da 'yan kunne da ake sayarwa a ƙetare.

Sukar da ta fi ƙarfi daga matan kansu ta fito. Ƙungiyarsu ta Empower, wadda aka kafa a 1985, ta ce yawancinsu ba sayar da su aka yi ba, ma'aikata ne masu neman kariyar doka, kuma samamen da ake kai wa mashaya da sunan ceto su ya cutar da da yawa. A 2006 ta buɗe mashayar Can Do a Chiang Mai, wadda matan ke gudanarwa da kansu. Mai bincike Elena Shih kuma ta nuna cewa a wasu wuraren haɗa sarƙa albashin bai kai abin da ake samu a mashaya ba, ga shi ana haɗa aikin da zaman ibadar Kirista, a ƙasar da fiye da kashi 90 cikin 100 mabiya Buda ne. Wannan suka tana da nauyi, domin macen da gida guda ke jiran aikenta ba za ta iya karɓar aikin da ba zai ciyar da su ba, komai gaskiyar zumuncin da aka nuna mata.