Waiwaye: Inda Motsa Jiki da Zafi Suka Haɗu a Cikin Jijiyar Jini

A shekarar 1851, Claude Bernard ya yanke wata jijiyar saƙo a wuyan zomo a Faransa, sai kunnen ɓangaren ya yi ja, ya ɗauki zafi fiye da ɗaya kunnen. Wannan ya nuna cewa jijiyar jini ba bututu ba ce kawai: tana da tsoka a bangonta, tana tsukewa tana buɗewa bisa umarni. Bayan shekara kusan saba'in, August Krogh na ƙasar Danmak ya nuna cewa ƙananan jijiyoyin da ke cikin tsoka suna ƙara buɗewa idan tsokar ta kama aiki, abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1920. Duk da haka, tsawon lokaci hankalin masana yana kan jijiyoyin saƙo da tsokar bango. Siririyar shimfiɗar da ke cikin jijiyar, wadda jini ke gogar ta dare da rana, ana yi mata kallon leda ce kurum da ke hana jini daskarewa.

Kuskuren ɗakin gwaji ne ya sauya wannan fahimta. Robert Furchgott, a birnin Niyok, ya daɗe yana ganin wani sinadari mai suna asitilkolin yana tsuke jijiyar zomo da aka yanko, alhali a jiki mai rai buɗe ta yake yi. Ashe wurin shirya jijiyar ne hannun mai gwaji ke goge shimfiɗar cikin ba tare da ya sani ba. Da aka kiyaye ta, jijiyar ta saki jiki ta buɗe. Shi da John Zawadzki suka wallafa wannan a 1980. A 1987, rukunin Salvador Moncada a Ingila da na Louis Ignarro a Amurka suka tabbatar da cewa abin da shimfiɗar ke fitarwa iska ce, naitirik oksaid. Furchgott da Ignarro da Ferid Murad suka karɓi Nobel a 1998.

Me ke sa shimfiɗar ta fitar da wannan iska a jikin mutum? Babban dalili shi ne gogar jini. Duk lokacin da gudun jini ya ƙaru, yana jan saman shimfiɗar kamar yadda ruwan kogi ke jan ciyawar gaɓa, ita kuma sai ta amsa da naitirik oksaid, tsokar bango ta saki, jijiya ta faɗaɗa. Nan ne duk zancen motsa jiki da zafi ya dogara.

Saura yadda za a auna wannan a jikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. A 1992, David Celermajer da abokan aikinsa a Landan suka fito da hanyar da ake bi har yau. Mutum zai kwanta rigingine kamar minti 10 zuwa 15 a ɗaki mai matsakaicin yanayi. A ɗora na'urar sikanin a damtsensa, a auna faɗin babbar jijiyar hannu, wadda a baligi ba ta cika wuce milimita 3 zuwa 5 ba. Sai a ɗaura madaurin awon jini a ƙasan gwiwar hannu, a hura shi har ya zarce awon jinin mutum sosai, a bar shi minti 5. Hannun zai yi sanyi, ya yi nauyi, yatsu su fara sagewa. Da an saki madaurin, jini ya kwararo da ƙarfi, fatar ta yi ja, sai a ci gaba da kallon jijiyar har minti 3. Ta mai lafiya takan faɗaɗa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. A binciken farko an ga raguwar wannan faɗaɗa a jikin masu shan taba da yaran da suka gaji yawan kitse a jini, tun kafin wata cuta ta bayyana.

Awon yana da saurin ɓaci, kuma ya kamata mai karanta sakamako ya san haka. Kashi 5 na jijiya mai milimita 4 bai wuce milimita 0.2 ba, don haka ɗan zamewar hannun mai sikanin ya isa ya ɓata lissafi. Idan an ɗaura madaurin a saman damtse maimakon ƙasan gwiwa, adadin yakan fito da yawa, amma ba duka naitirik oksaid ne ya haifar da shi ba. A da, ana auna faɗin a daƙiƙa 60 daidai bayan sakin madauri, daga baya aka gane cewa jijiyar dattijai takan makara kafin ta kai ƙololuwa, sai aka koma ɗaukar hoton ba yankewa. Abinci mai maiƙo, gahawa, taba, motsa jiki a ranar, har sanyin ɗakin, duk suna taɓa sakamako. Shi ya sa ake neman mutum ya zo bai ci komai ba na aƙalla awa 6.

Da ma'auni ya samu, sai aka juya kan motsa jiki. A 1994, William Sessa da abokansa suka sa karnuka gudu na kwana 10, suka tarar sinadarin da ke ƙera naitirik oksaid ya ƙaru a jijiyoyinsu. A 2000, Rainer Hambrecht a birnin Laifzig na Jamus ya ɗauki marasa lafiya 19 masu toshewar jijiyoyin zuciya, ya sa 10 daga ciki tuƙa keken tsaye na minti 10 sau 6 a rana. Cikin mako 4, jijiyoyin zuciyarsu sun rage tsukewar da suke yi idan an ba su asitilkolin, tsukewar da ke nuna shimfiɗar ba ta aiki yadda ya kamata. Toshewar ba ta narke cikin wata guda ba, aikin shimfiɗar ne ya gyaru.

Gwajin da ya fi warware zancen mai sauƙi ne ƙwarai. Toni Tinken da Daniel Green da Dick Thijssen suka sa mutane motsa hannuwa biyu ta hanyar matse abu na mako 8, amma suka ɗaura madauri mai ɗan matsi a hannu ɗaya don rage gudun jini lokacin aikin. Hannuwan biyu sun yi ƙarfi, amma jijiyar hannun da ba a ɗaure ba ce kaɗai ta inganta. An wallafa wannan a 2010. Sai Louise Naylor da rukunin Green suka maimaita dabarar ba tare da motsi ba: tsoma hannuwa a ruwa mai zafin digiri 42 na minti 30, sau 3 a mako. Sakamakon iri ɗaya ne. Jijiya ba ta tambayar abin da ya kawo gudun jinin, ko tsoka ce ke neman iska ko fata ce ke neman huce zafi. Waɗannan gwaje-gwaje sun kuma nuna wani abu da ke rikita masu gaggawa: faɗaɗar takan ƙaru a makonnin farko, sannan ta koma kusa da inda ta taso wajen mako na 8, domin a lokacin jijiyar kanta ta fara sauya gini. Wanda ya auna a ƙarshe kaɗai zai ce ba abin da ya faru.

Zafi yana da nasa tsohon tarihi. Tun 1938 Grant da Holling suka nuna cewa fatar mutum tana da jijiyoyin saƙo masu buɗe hanyar jini idan jiki ya yi zafi. Loring Rowell ya ƙiyasta cewa jinin da ke zuwa fata zai iya tashi daga kimanin rubu'in lita a minti zuwa lita 7 ko 8, alhali duk abin da zuciya ke turawa a hutu kusan lita 5 ne. A Kagoshima ta Japan, Chuwa Tei ya mayar da wannan magani: minti 15 a ɗaki mai zafin digiri 60, sannan minti 30 a kwance cikin bargo, har ga masu raunin zuciya, ƙarƙashin kulawar likita. A 2015, Jari Laukkanen ya wallafa bibiyar maza 2,315 na gabashin Finlan ta kusan shekara 21. Masu shiga ɗakin gumi, wato ɗaki mai zafi da ake zama a ciki don a yi gumi, sau 4 zuwa 7 a mako sun fi masu shiga sau ɗaya ƙarancin mutuwar farat ɗaya ta zuciya da kusan kashi 63. Adadin yana da jan hankali, amma bibiya ce, ba gwaji ba, kuma mai ƙoshin lafiya shi ne dama zai iya yawan shiga zafi. Gwaji na ainihi ya zo a 2016 daga Oregon ta Amurka, inda Vienna Brunt da Christopher Minson suka sa matasa marasa motsa jiki zama a ruwa mai digiri 40.5 sau 4 zuwa 5 a mako na mako 8. Faɗaɗar jijiyarsu ta kusa ninkawa, awon jini ya ɗan sauka. Mutum 20 ne duka, matasa, masu lafiya.

Sanyi akasin haka yake yi. Hines da Brown sun nuna a 1932 cewa tsoma hannu a ruwan ƙanƙara na minti ɗaya yana ɗaga awon jini nan take. A 1984 William Keatinge ya ga jini yana ƙara kauri idan fata ta yi sanyi, sannan a 1988 Elizabeth Nabel ta nuna cewa sanyin da ke buɗe lafiyayyar jijiyar zuciya shi ne ke tsuke wadda kitse ya lalata. Dattijo mai hawan jini da ke alwala da ruwan randa da asubahin hunturu yana cikin wannan lissafi.

Haɗa motsa jiki da zafi kuma ba ninka amfani ba ne kai tsaye. Tsoka da fata suna jan jini ɗaya, gumi yana rage ruwan jinin, abin da zuciya ke turawa a kowane bugu ya ragu, sai ta ƙara sauri don cike gurbi. Idan mutum ya tsaya cak bayan gudu a rana, jini ya taru a ƙafafu, jiri ya kwashe shi. Dalilin ke nan da ake cewa a rage gudu a hankali, a ci gaba da tafiya na 'yan mintuna, a sha ruwa.

Ƙasar Hausa ta shiga wannan tarihi ta ƙofar wankan jego. A shekarun 1970, Davidson da Parry a Zariya suka bayyana yawan raunin zuciya tsakanin masu jego, suka danganta shi da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, haɗe da kunun kanwa: zafi ya buɗe jijiyoyin fata, gishirin kanwa ya tara ruwa a jiki, nauyin ya faɗa kan zuciya. Daga baya Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka sake duba lamarin, suka nuna cewa al'adar ita kaɗai ba ta isa bayani ba, suka jawo hankali ga hawan jinin masu ciki da rama da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini.