Tambayoyin da na gaji da amsawa a kan 'yan damfarar banki

Kusan kullum sai an turo mini ɗaya daga cikin tambayoyin nan, wani lokacin ma wanda na amsa wa jiya shi zai dawo yau da irinta. Ga su na tara wuri guda. Duk wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

An kira ni daga banki, an ce za a rufe asusuna in ban karanto lambar da aka turo mini ba. In karanto?

A'a. Kashe wayar.

Amma fa Malam, ya kira cikakken sunana, ya faɗi ranar haihuwata, har BVN ɗina ya karanto.

To sai me? Fom nawa ka cike a shagon kwamfuta? Shafin "tallafin gwamnati" nawa aka turo a guruf ka shiga ka zazzage bayananka kaf? Abin da ba ya hannunsa shi ne lambar nan da ta shigo wayarka yanzu, wadda ake kira OTP, kuma don ita ya kira. Ita ce sa hannunka na ƙarshe kafin kuɗi su fita. A jikin saƙon ma an rubuta kada a ba kowa, mutane ne ba sa karantawa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya neman OTP, ba ya neman fin, ba ya neman lambobi ukun da ke bayan kati. Wanda ya nemi ɗaya daga ciki ɓarawo ne, komai daɗin Turancinsa, komai yawan "ranka ya daɗe" da zai jera maka da Hausa.

Na riga na ba wani BVN ɗina. Shi ke nan an gama da ni?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Tun da Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN a 2014 mutane ke ɗaukar lambobi 11 ɗin nan kamar da su ake buɗe taskar banki. Su kaɗai ba sa cire ko kwabo. Illarsu ita ce a haɗa su da sauran bayananki a yaudare ki, ko a nemi cin bashi da sunanki a manhajojin bashi. Ki sa ido, kuma kada ki ƙara.

An ƙwace mini waya.

Allah ya mayar da alheri, amma jajen ya jira. Wayar ba ita ce abin tsoro ba, layin da ke ciki ne, don ta kansa saƙon banki ke shigowa. Ari wayar na kusa da kai ka toshe asusunka nan take. Bankuna sun ware lambar yin haka daga kowace waya: Zenith *966*911#, Access *901*911#, First Bank *894*911#. Nemi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda, ba a cikin wayar da za a sace ba. Daga nan ka sa kamfanin layi ya rufe layin, sannan ka je a yi maka walkam bak.

Kuma don Allah ku sa wa sim ɗinku fin. Minti biyu ne a saitin waya. Ɓarawo ya cire shi ya sa a wata wayar, ba zai buɗu ba. Na faɗa har bakina ya gaji.

Kuɗi sun shigo asusuna, sai wani ya kira yana roƙo wai kuskure ya yi, in mayar masa. In mayar?

Wannan ba ta da amsa guda, sai a yi haƙuri da tsawonta.

Fara tabbatarwa kuɗin sun shigo da gaske. Ba saƙon tes ba, ba hoton risit da ya turo ta WhatsApp ba. Buɗe manhajar bankinka ka ga abin da ke ciki. In babu komai, magana ta ƙare, toshe lambarsa.

In sun shigo, to yana iya yiwuwa gaskiya yake faɗa. Lambar asusu goma ce, mutum na sauri ya kuskure ɗaya, bai tsaya karanta sunan da ya fito ba. Kuɗin nan ba naka ba ne, a addini ko a doka, kuma EFCC ta sha gurfanar da waɗanda suka cinye irinsu. Kada ka taɓa su, kada ka ce rabo ne daga Allah.

Sai dai kuma yana iya zama kuɗin sata. An yashe asusun wata baiwar Allah, an zubo a naka, sai a kira ka da muryar tausayi, wai mahaifiya na kwance a asibiti, a ba ka wata lambar asusu daban. Kana turawa, sawun ɓarawo ya tsaya a ƙofarka. Ranar da mai kuɗin ta kai ƙorafi, asusunka za a fara ɗaurewa, kai za ka yi ta bayani a ofishin 'yan sanda. Alamun da ni nake dubawa: ya ce a tura asusun da ba shi ya turo ba, ko ya aiko yaro ya karɓi tsaba, ko ya ce "riƙe dubu biyar ka sha ruwa", ko ya hana ka sakat da kira. Ba na cewa duk mai gaggawa ɓarawo ne, wanda jarinsa ya tafi dole ya rikice. Amma gaggawarsa ba ta zama dole a kanka ba.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce shi ya kai ƙorafi bankinsa, kai kuma ka je naka ka rubuta cewa ka amince a mayar da kuɗin inda suka fito. Banki ya mayar, kana da shaida. Na san hanyar na da jan ƙafa, tana iya cin kwanaki, kuma na san mutumin kirki zai ji nauyin riƙe kuɗin wani. In kuɗin kaɗan ne, sunan mai kiran ya dace da sunan da ke jikin alat, kuma asusun da ya turo shi za a mayar wa, akwai masu mayarwa da kansu, ban ce sun yi laifi ba. Ko a nan ma akwai tarko: wataƙila ya riga ya kai ƙorafi, kai ka mayar, banki kuma ya sake riƙe adadin a asusunka, ka koma kai ne mai bin sawu. Saboda haka ka tambayi bankinka tukuna, ka rubuta dalilin turawar a jikin taransfa, ka ajiye risit da saƙonninsa. In kuɗin masu kauri ne, ko wani abu bai kwanta maka ba, banki kawai. Ya yi fushi ya gaji.

Ina da shago, an nuna mini risit a waya, na ba da kaya, kuɗi ba su shigo ba.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 da kowa ya koma taransfa wannan ya yi yawa. Risit a wayar mai saye ba kuɗi ba ne, yaro ma zai iya haɗa shi. Sai ka gani a naka asusun. Ya ce natwok ne? Ga benci, ya zauna.

Akwai wani kamfani da ke ninka kuɗi cikin wata ɗaya, maƙwabcina ya ci riba har sau biyu.

Da kuɗin waɗanda suka shiga bayansa aka biya shi, kuma da naka za a biya shi na uku. MMM, mai irin wannan tsari, ta rufe a Disambar 2016 da kuɗin mutane, aka yi kuka, aka yi rantsuwa. A Afrilun 2025 CBEX ta maimaita, har fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu nuna takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin hujja. Wannan rajistar suna ce kawai. Mai karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari, izinin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ake tambayarsa. Kuma ko an sa masa sunan Larabci an ce babu riba a ciki, tambayar ba ta canja ba: wace sana'a ce ke ninka jari a kwana talatin?

Wani ya taimaka mini a ATM, bayan na koma gida na ga ana ta cire kuɗi.

Duba katin da ke aljihunka, Baba, da wuya in naka ne. Ya ga fin ɗinka, ya musanya katin. A toshe yanzu. Gaba ka tafi da ɗanka, ko ka shiga ciki ka nemi ma'aikaci. A wurin mai POS ma kai za ka danna fin da hannunka, ba a karanto shi da baki kamar lambar gida.

Yayata ta turo saƙo a WhatsApp tana neman rancen gaggawa.

Kira ta ka ji muryarta. In ba ta ɗauka ba, kada ka tura.

Abokina ya ce in ara masa asusuna a turo masa kuɗi, zai ba ni wani abu.

Shi nasa me ya same shi? Sunanka da BVN ɗinka ke jikin asusun, kai za a zo nema.

An riga an cire. Za su dawo?

Wani lokacin. Ya danganta da saurinka. Kira banki a lokacin, ko tsakar dare ne, kada ka jira Litinin. In kuɗin ba su bar asusun da suka faɗa ba, ana iya riƙe su. Karɓi lambar ƙorafi, ka ajiye. In sati biyu suka wuce ba wani bayani, kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, ka kuma sanar da 'yan sanda ko EFCC. In da bakinka ka ba da OTP, banki zai ce kai ka buɗe ƙofa, kuma jayayyar na da wuya. Duk da haka ka kai rahoto. Kada kunya ta hana ka, an damfari lauyoyi da malaman jami'a, ba kai ne farau ba.

Wani a Facebook ya ce zai dawo mini da kuɗin in na biya kuɗin aiki.

Su ne dai. Sun dawo kwashe ragowar.