Sukari da Inzam a Jikin Laikin

Laikin wata halitta ce da ake gani manne a kan dutse, ɓawon itace ko tsohon gini, kamar busasshen fenti mai ruwan toka, ruwan ɗorawa ko kore. A ido abu ɗaya ne, amma halittu biyu ne a jiki guda: fangas, wato dangin naman gwari da funfuna, da kuma gansakuka ko wata bakteriya mai launin shuɗi da kore da ake kira sayanobakteriya. Masanin tsirrai ɗan Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fito da wannan bayani a 1867, kuma manyan masanan laikin na zamaninsa sun daɗe suna musanta shi. A yau an san kusan iri 20,000.

Fangas ba ya iya haɗa abinci da hasken rana. Gansakukar da ke kwance a ƙarƙashin fatar laikin ita ke wannan aiki, wanda ake kira fotosintesis. Abin da ke riƙe da zaman nasu shi ne sukarin da ke fita daga gansakuka zuwa fangas, da inzam ɗin da ke juya shi. Inzam furotin ne da ke gaggauta sauyin sinadarai a cikin ƙwayar halitta, kowane da aikinsa.

Yadda ake haɗa sukarin

Inzam na farko a layi shi ne Rubisco, wanda ke kama iskar kabon dayoksaid ya shigar da ita cikin sarƙar da ke haifar da sukari. Rubisco ba shi da saurin aiki, kuma yakan kama oksijin bisa kuskure. Gansakukar Trebouxia, wadda aka fi samu a laikin, tana da wani dunƙule a cikin ƙwayarta mai suna firenoid inda ake tara kabon dayoksaid kusa da Rubisco, tare da taimakon wani inzam, kabonik anhaidires. Wannan yana da amfani idan jikin laikin ya jiƙe sharaf, domin ruwa yana toshe hanyoyin iska.

Abin da ke ƙetarawa

A shekarun 1960, David Smith da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford suka bi sawun sukarin ta hanyar ba laikin kabon mai lamba 14, wanda ake iya gano shi duk inda ya shiga. Sun gano cewa kowace irin gansakuka da abin da take saki. Trebouxia tana sakin ribitol, Trentepohlia tana sakin iritiritol, ita kuwa sayanobakteriya Nostoc, kamar wadda ke cikin laikin Peltigera, gulukos take bayarwa. Ribitol da iritiritol suna cikin rukunin da ake kira foliyol, dangin sukari ne da aka ɗan sauya musu tsari.

Wani abin mamaki shi ne, idan aka ware gansakukar daga jikin fangas, cikin sa'o'i kaɗan sakin yana raguwa ƙwarai, ta koma riƙe kayanta don gina jikinta. Ke nan zama tare da fangas ɗin ne ke sa ta zubarwa.

Da zarar sukarin ya shiga zaren fangas, inzam irin na dihaidirojines suna juya shi zuwa manitol da arabitol, waɗanda su ma foliyol ne. A nan dabarar take. Gansakukar ba ta iya karɓar manitol ta yi amfani da shi yadda ya kamata, don haka abin da ya ƙetara ya tafi ke nan. Kuma tunda fangas yana juya ribitol ko gulukos da zarar sun iso, ba sa taruwa a wajensa, sai hanyar ta ci gaba da gangarowa gefe ɗaya. Wannan ne ya sa wasu masana ke ganin kalmar "zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka" ta yi wa fangas kara. A wurinsu manomi ne da ya killace amfanin gonarsa. Sai dai ita ma gansakukar tana samun inuwa daga zafin haske, da ruwa da ma'adinai, tana rayuwa a wuraren da ba za ta iya ita kaɗai ba.

Sukari a matsayin garkuwa

Laikin yana girma a hankali sosai. Rhizocarpon geographicum na kan duwatsu sau da yawa ba ya ƙara ko milimita ɗaya a shekara. To ina duk wannan sukari yake tafiya? Kaso mai yawa ba gini ake yi da shi ba. Laikin ba shi da saiwa, ba shi da hanyar riƙe ruwa, yana bushewa ƙayau da rana ya farfaɗo da raɓa. Lokacin bushewa, foliyol suna maye gurbin ruwa a kewayen furotin da fatar ƙwayoyin halitta, cikin ƙwayar ya daskare kamar gilashi, inzam su tsaya cak ba tare da sun lalace ba. Idan ruwa ya dawo, wani ɓangare na foliyol ɗin yana tsiyayewa waje kafin fatar ta gyaru, wani kuma a ƙone shi a numfashi. Kowane jiƙo da asararsa, dole a sake cike rumbu.

Otto Lange na Jami'ar Würzburg a Jamus ya auna wannan a hamadar Negev da ta Namib. Ya nuna cewa laikin mai koren gansakuka yana iya tayar da fotosintesis da laimar iska kawai, amma mai sayanobakteriya sai ya sami ruwa na zahiri. A irin waɗannan wurare, 'yan sa'o'in safiya kafin raɓa ta ƙafe su ne duk lokacin aikin yini. A 2005 an kai Rhizocarpon geographicum da Xanthoria elegans sararin samaniya a kumbon Foton-M2, aka bar su a buɗe kusan mako biyu. Da aka dawo da su aka jiƙa, fotosintesis ya ci gaba.

Fangas yana kuma ajiye wani kaso a matsayin dogayen sarƙoƙin gulukos, kamar laikenin da ake samu a Cetraria islandica, wanda mutanen Aisilan suka daɗe suna dafawa a abinci. Binciken ƙwayoyin gado na baya-bayan nan ya nuna cewa wasu fangas na laikin har yanzu suna ɗauke da inzam masu narka selulos na jikin itace, abin da ke nuna cewa ba dukansu ne suka dogara da gansakuka kaɗai ba.