Ƙarin Ruwa a Gida ga Magen da Ƙodarta ta Gaza

Idan magenku ta haura shekara goma, sai kuka ga ta mai da gindin randa wurin zamanta, ko kullum tana banɗaki tana lasar ruwan da ya kwanta a ƙasa, fitsarinta ya yawaita kuma ya yi fari tas, ga rama, ga amai jefi-jefi, to kada ku ce tsufa ne ku zuba mata ido. Mafi yawan lokaci ƙoda ce ta fara gazawa. A cikin tsofaffin maguna, kusan ɗaya cikin uku na fama da wannan ciwo. Ciwon suga ma yakan zo da irin waɗannan alamu, shi ya sa ba a yanke hukunci sai an auna jini da fitsari.

Kakannin mage dabbobin daji ne na busassun ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ruwan da ke jikin ɓera da tsuntsu ya ishe su, don haka Allah ya yi mata ƙoda mai tsananin tattalin ruwa, ita kuma ba gwanar sha ba ce. Ciwon ƙoda wannan tattalin yake fara rushewa. Kafin ku lura fitsari ya tsinke, kusan kashi biyu cikin uku na ƙodar ya riga ya lalace, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Daga nan ruwa ya yi ta zuba ta fitsari, tana sha amma shan ba ya cike giɓin. Jiki ya bushe, dattin da ya kamata ya fita ya taru a jini, zuciyarta ta riƙa tashi, ta ƙi abinci, kashi ya yi tauri. A zafin watan Maris da Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni ke haura 40, kwana biyu sun isa su kwantar da irin wannan mage.

A nan ne ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata yake shigowa. Ba irin wanda kuka sani a asibiti ba ne, da ake neman jijiya a ɗaure hannu. Fatar bayan mage sakwa-sakwa take, ana iya zuba ruwa tsakaninta da tsoka, jiki ya yi ta tsotsa a hankali cikin awoyi. Mai mage zai iya yi a ɗakinsa da zarar an nuna masa. Amma ku ji wannan da kyau, don a nan ake yawan samun saɓani da mu ma'aikatan lafiyar dabbobi: ruwan nan ba ya wanke ƙoda, ba ya warkar da ita. Abin da yake yi shi ne ya mayar da abin da jiki ya rasa, mage ta ji daɗin jikinta, ta ci abinci, ta fito ta sha hantsi. Hakan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai mai cewa, mutane ma ba su samu ƙarin ruwa ba sai mage? Na sha jin wannan. Amsata ita ce dabbar da ka ajiye a gidanka amana ce, kuma hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa ba baƙo ba ne ga kowa. Ledar ruwa ɗaya ma tana yi wa mage kusan sau biyar.

Ba kowace mage mai ciwon ƙoda ke buƙatarsa ba. Likitocin dabbobi sun kasa ciwon mataki huɗu, bisa tsarin ƙungiyar ƙwararru ta IRIS, suna duba wani sinadari a jini mai suna kiriyatinin. Ƙasa da 1.6 mataki na ɗaya ne, zuwa 2.8 na biyu, zuwa 5.0 na uku, abin da ya haura haka na huɗu. Wadda ke mataki na ɗaya ko na biyu, tana ci tana sha, galibi gyaran abinci da wadatar ruwan sha sun ishe ta. Masu mataki na uku da na huɗu da jikinsu ke yawan bushewa, su ake rubuta wa. Kuma dole likita ya saurari zuciyarta tukuna, domin magen da zuciyarta ke da rauni, ruwan da aka yi nufin taimakonta da shi zai iya taruwa a huhunta. Ruwan yana da gishiri, don haka mai hawan jini ma sai an yi lissafi. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri suna duba ƙananan dabbobi, haka ma asibitocin dabbobi na jiha da masu zaman kansu a manyan birane.

Sai batun wane ruwa. Wanda aka fi amfani da shi shi ne Ringer's Lactate, wasu ledoji kuma za ku ga an rubuta Hartmann's, abu ɗaya ne. Wani lokaci likita ya zaɓi Normal Saline mai 0.9. Abin da nake roƙonku shi ne ku karanta ledar da idonku kafin ku bar kemis. A wajenmu idan aka ce ruwan ƙari, abin da yaron shago zai fara miƙo maka mai suga ne, wanda aka rubuta Dextrose ko Glucose a jiki, don shi aka saba ɗaura wa mutane. Wannan ba a zuba shi ƙarƙashin fata. Suga abincin ƙwayoyin cuta ne, yana iya jawo ƙurji da mugunya, har fatar wurin ta ruɓe. Kada kuma a tsiyaya wani maganin ƙarin jini ko bitamin a cikin ledar don ta yi launi, sai in likita ne ya ce. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku ɗaga ledar sama a haske: ruwan ya zama garau, babu gurɓata, babu yoyo.

Yawan da za a ba ta likita ne zai faɗa, gwargwadon nauyinta da halin da take ciki. Ga mage mai kilo uku zuwa huɗu, abin da aka fi rubutawa bai wuce mililita 75 zuwa 125 a zama ɗaya ba, wata kullum, wata bayan kwana biyu ko uku. Idan an ce 100, to 100 ɗin ne. Ƙari don tausayi ba alheri ba ne a nan.

Kayan aikin ba su da yawa: ledar ruwa mai mililita 500, robar ƙarin ruwa, da allurai sababbi. Allura ana gane girmanta ta launin gindinta. Mai ruwan hoda lamba 18 ce, tana da kauri, ruwa na gudu amma ta fi zafin shiga. Mai ruwan ɗorawa lamba 20, koriya lamba 21. Ni na fi son mai ruwan ɗorawa ga yawancin maguna, don ba ta cika zafi ba kuma ba ta sa a daɗe. Ramammiya sosai a yi mata da koriya, a yi haƙuri da jinkirin.

Ku wanke hannu da sabulu. Ku sa ledar a kwanon ruwan ɗumi na minti biyar zuwa goma, bakinta yana sama kada ya nutse. Jikin mage ya ɗan fi namu zafi, tsakanin 38 da 39, ruwa mai sanyi kuwa yana sa ta zabura, musamman da hunturu. Ku ɗiga kaɗan a bayan hannunku, ɗumi-ɗumi ake so, ba zafi ba. Ku rufe 'yar tayar da ke jikin robar, ku soka tsinin a bakin leda, ku rataye ta a ƙusa ko saman ƙofa, kamar mita ɗaya sama da inda magen za ta zauna. Ku matsa 'yar kwalbar ɗigo har ta kai rabi, sannan ku buɗe tayar ruwa ya kori iskar da ke cikin roba, ku sake rufewa. Kafin ku taɓa mage, ku ja layi da biro a jikin leda daidai inda ruwa yake, da inda za ku tsaya. Da zarar an fara, hankalinku zai rabu, lambobin jikin leda kuma sai su rikice muku.

Ku zaunar da ita inda ta saba, kan cinya ko cikin kwali daidai jikinta da tsumma a shimfiɗe. A kori yara, a rufe ƙofa. Farkon yi ku zama ku biyu, ɗaya na shafa mata kai yana ba ta ɗan abin da take so. Kada a danne ta, mage ta fi faɗa da dannewa a kan allura. Da hannun hagu ku kama fatar da ke tsakanin kafaɗunta ku ɗaga sama, za ku ga ta tashi kamar 'yar rumfa, da ɗan lotsawa a gabanta. A wannan lotsawar allura za ta shiga, a kwance, tana bin tsawon gadon baya, ɓangaren bakinta da aka fiƙe yana kallon sama. Ku tura a lokaci ɗaya da hannu tsayayye. Masu tsoro su ne ke yi da kaɗan-kaɗan, kuma wannan ya fi ciwo. Za ku ji ɗan tauri, sai kuma ta faɗa sarari. Ku saki fatar, ku riƙe gindin allura da yatsu biyu, ku buɗe tayar.

Ɗigon zai zama kamar zare. Mililita 100 yakan ɗauki minti biyar zuwa goma. Idan ya tsaya, yawanci bakin allura ne ya manne da fata, ku ɗan juya ta ko ku sake ɗaga fatar, ku kuma duba ko robar ta lanƙwashe. Idan kuka ga gashinta na jiƙewa, allurar ta ɓulla ta ɗaya gefen, ku ja ta baya kaɗan. Wannan yana faruwa da kowa, har da mu. Da ruwa ya kai layi, ku rufe, ku zare, ku matse wurin da yatsu na kamar minti ɗaya. Ɗan ruwa ko ɗigon jini da zai fito ba komai ba ne. Gobe a sauya wuri, yau ɗan dama, gobe ɗan hagu.

Wata Hajiya ta taɓa kirana hankali a tashe: "Likita, ƙafarta ta gaba ta kumbura suntum!" Na ce, "Ranki ya daɗe, taɓa ki ji, da taushi ko da tauri? Tana takawa?" Ta ce da taushi, kuma ga ta can tana cin abinci. Ruwan ne ya gangaro. Ƙullutun da ke tasowa a baya yakan zame zuwa haƙarƙari ko hammata ko ƙafa, ya baje cikin awa shida zuwa takwas, wani lokaci ya kwana. Abin kiyayewa shi ne, in lokacin na gaba ya yi kuma na jiya bai gama shanyewa ba, kada ku ƙara, ku kira likita.

Abin da ya fi kumburi muhimmanci shi ne numfashi. Ku saba da ƙirga shi tana barci: tashi da saukar ƙirji ɗaya ke nan, ku ƙirga na daƙiƙa 30 ku ninka biyu. Lafiyayyar mage ba ta cika wuce 30 a minti ba. Idan ya haura 40, ko tana haki baki buɗe, ko ta kasa kwanciya sai durƙuso da wuya a miƙe, ku dakatar da ruwa ku nufi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye. Haka nan in wurin allura ya yi zafi da tauri, ko ta daina fitsari ɗungum, ko amai ya ƙi tsayawa. Wadda ta kwanta sharaf ba ta ko ɗaga kai ta wuce ƙarin ruwan gida, ta jijiya take buƙata. In kuma kuka ga wuyanta ya sunkuya ta kasa ɗagowa, alama ce ta ƙarancin sinadarin fotasiyam, akwai maganinsa.

Allura sau ɗaya ake amfani da ita. Kuna gamawa ku cire, ku sa sabuwa da murfinta a bakin robar. Tsofaffin a tara su cikin gora mai kauri da murfi, in ta cika a kai asibiti a ƙona. Kada a watsa su a bola, yara da 'yan jari-bola da hannu suke tonawa. Ku rubuta ranar da kuka buɗe leda a jikinta, ku ajiye inda rana ba ta bugu, ku tambayi likita kwana nawa za ta yi kafin a zubar da saura. In mage ta cije ku, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa a je asibiti, haƙorinta siriri ne, yana kai ƙwayar cuta can ciki.

Kada a ba mage farasitamol, ko ɓalli ɗaya ne. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, yana lalata jininta ya kashe ta. Ibuprofen da diclofenac kuma ƙodar suke ƙarasawa, haka allurar gentamicin da wasu ke saurin yi wa kowace dabba.

Abinci ma ya fi ruwan tasiri wajen tsawon kwana. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da sinadarin fosfaras, shi kuma ya cika a ƙashi, da busasshen kifin da ake ci da ƙayarsa, da madara. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a shekarar 2000 ya nuna magunan da suka karɓi abincin masu ciwon ƙoda sun kai tsaka-tsakin kwana 633, waɗanda suka ƙi kuwa 264. Irin su Hill's k/d da Royal Canin Renal ana samunsu a wasu shagunan dabbobi na Abuja da Legas, sai dai da tsada. Wanda bai da hali ya zauna da likita a tsara na gida, a cire ƙashi da gishiri da magi, a yawaita romo. Kada dai a bar ta da yunwa don ta ƙi sabon abinci, a riƙa cakuɗawa da tsohon a hankali. A ajiye kwanukan ruwa masu faɗi a wurare biyu ko uku, nesa da inda take bahaya.

Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta rana, da yawan ruwan da aka ba ta, da ko ta ci, da ƙirgen numfashi. Sati-sati ku hau sikeli da ita a hannu, ku sauke ta ku sake hawa, bambancin shi ne nauyinta. Ku tafi da littafin duk lokacin da za a koma awon jini da na hawan jini, wanda ga masu mataki na uku da na huɗu bai kamata ya wuce wata uku ba. Da shi likita zai san ko a rage ruwan, ko a ƙara kwanaki tsakani, ko a koma yi kullum.