Memorin da DLL ya ware, wa ke sakinsa?

Masu koyon rubuta manhaja a Kano sun daɗe suna cewa memorin da laburaren DLL (fayil ɗin umarni da manhaja ke kira ta yi aiki da shi) ya ware, manhaja ma tana iya sakinsa da free, umarnin sakin memori a yaren C. Ba laifinsu ba ne, sau da yawa abin yakan wuce lafiya.

Amma a Windows, in manhaja da DLL kowanne da irin laburaren C nasa aka haɗa shi, rumbunsu, wato inda suke ɗibar memori, na iya bambanta. Ka saki a rumbun wani, manhajar ta faɗi, wataƙila can daga baya. Kamar kwalbar lemo ce, shagon da ka ɗauko ake mayarwa. Shi ya sa laburare mai kyau ke zuwa da nasa umarnin saki.

Gwada dumpbin /dependents, umarnin duba fayil da ke zuwa da Visual Studio, a kan manhajar da DLL ɗin ka ga laburaren da kowanne ya dogara da shi. Don Allah a tura wa abokan karatu.