Ak Mechet: Ƙauyen Kiristoci 'Yan Menonayit a Ƙasar Khan na Khiva

A kusa da tsohon birnin Khiva, cikin ƙasar da a yau ake kira Uzbekistan, an taɓa yin wani ɗan ƙauye da Kiristoci masu jin Jamusanci suka zauna a cikinsa shekara hamsin da ɗaya a tsakiyar Musulmi. Sunansa Ak Mechet, wato farin masallaci a harshen mutanen yankin.

Su wane ne 'yan Menonayit?

Wata ɗariƙa ce ta Kiristoci da ta samo asali daga yunƙurin da ya ɓullo a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan a 1525, sunanta kuma ya fito daga Menno Simons, wani limamin Katolika na ƙasar Holan wanda ya bar cocinsa a 1536. Sun yi imani cewa ba a yi wa jariri baftisma sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa, ba sa yin rantsuwa, kuma ba sa ɗaukar makami ko da don kare kansu ne. Wannan aƙida ta ƙarshe ita ta riƙa haɗa su rigima da hukumomi, ita ce kuma ta kore su daga wannan ƙasa zuwa waccan: daga Holan zuwa bakin kogin Vistula kusa da birnin Danzig, cikin ƙasar Polan ta yau, daga can kuma zuwa Rasha, inda suka kafa mazauninsu na farko a Chortitza a 1789 bisa alkawarin cewa ba za a sa 'ya'yansu aikin soja ba.

Me ya kai su tsakiyar Asiya?

A 1874 gwamnatin Rasha ta kafa dokar da ta wajabta wa kowane namiji aikin soja. Dubban 'yan Menonayit suka tattara nasu ya nasu suka tafi Amurka da Kanada, akasarin waɗanda suka rage kuwa suka amince da aikin gandun daji da gwamnati ta ba su a madadin riƙe bindiga. Sai dai wasu ƙalilan sun ga cewa ko wannan ma miƙa wuya ne ga hukumar yaƙi. A cikinsu akwai wani manomi mai suna Claas Epp daga mazaunin Am Trakt da ke kusa da kogin Volga, wanda ya riƙa wa'azin cewa ƙarshen duniya ya gabato, kuma mafakar masu bi tana gabas. Gwamnan Turkestan na lokacin, wato yankin tsakiyar Asiya da ke hannun Rasha, Janar Kaufman, ya nuna musu cewa zai karɓe su, saboda haka daga 1880 ayari bayan ayari na kekunan doki suka kama hanya suka ratsa hamada zuwa Tashkent, yara da yawa suna mutuwa a tafiyar. Kafin su daidaita aka kashe sarkin Rasha Alexander na biyu a 1881, shi kuma Kaufman ya kwanta ciwon da bai tashi ba, alkawarin ya bi ruwa. Wani rukuni ya haƙura ya zauna a kwarin Talas, sauran kuma suka nemi fita daga ƙarƙashin dokar Rasha baki ɗaya.

Yaya Musulmin yankin suka karɓe su?

Wannan ne sashen labarin da ya fi taɓa zuciyata. Da Sarkin Bukhara ya ƙi ba su wurin zama, sanyin hunturu ya rutsa da su a wani ƙauye mai suna Serabulak, tsakanin Samarkand da Bukhara, a ƙarshen 1881. Mutanen ƙauyen suka ba su matsuguni, sannan suka buɗe musu masallacinsu: Musulmi su yi sallar Juma'a, baƙin kuma su yi ibadarsu ranar Lahadi. A cikin wannan masallaci aka yi wa matasansu baftisma, aka kuma ɗaura wa wasunsu aure. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa waɗannan baƙi sun zo ne daga daular da ta ci yankin da yaƙi shekaru kaɗan kafin nan, ba sa jin harshen masu masaukinsu, ba su da wani abin da za su saka da shi, amma duk da haka aka ɗauke su a matsayin matafiya masu haƙƙi a kan mazauna gari.

Daga nan suka wuce ƙasar Khiva, suka yada zango a Lausan, gefen kogin Amu Darya. A can mahara suka gane cewa mutanen nan ba sa ramawa, suka dinga kwashe musu dawaki da kaya, har aka kashe wani magidanci a cikinsu a 1883. Wannan kisa ya raba kansu, wasu iyalai suka juya suka nufi Amurka. Sauran, kusan iyalai 40, sarkin Khiva, Khan Muhammad Rahim na biyu, ya kira su kusa da fadarsa a 1884, ya ba su wani lambu mai katanga kimanin kilomita 12 daga Khiva. Nan ne Ak Mechet.

Da me suka rayu a wurin?

Filin bai isa noma irin wanda suka saba ba, don haka suka koma ga sana'ar hannu. Mazansu suka yi suna a aikin kafinta, har aka ba su aikin daɓen katako da ƙofofi da tagogi a fadar Khan da ake kira Nurullabai, matansu kuma suna ɗinki da saƙa, suna kai madara da cuku kasuwar Khiva. Mutanen yankin har yanzu suna danganta yaɗuwar tumatir da dankalin turawa a can da zuwansu. Wani daga cikinsu, Emil Riesen, ya yi wa Khan tafinta, malamin makarantarsu kuma, Wilhelm Penner, ya koya wa wani yaro mai suna Khudaybergen Devanov ɗaukar hoto, wanda daga baya ya zama mai ɗaukar hoto na farko a cikin Uzbekawa. Sun riƙe Jamusancinsu da makarantarsu da cocinsu, ba wanda ya tilasta musu sauya addini.

Annabcin Claas Epp fa?

Ya sa ranar 8 ga Maris 1889 a matsayin ranar dawowar Almasihu, ranar ta zo ta wuce. Ya ɗaga zuwa 1891, nan ma shiru. Da maganganunsa suka kai ga ɗaukaka kansa zuwa matsayin da jama'arsa suka ga saɓo ne, akasarinsu suka raba gari da shi, ya rasu a ƙauyen a 1913 da 'yan mabiya kaɗan. Kuskure ne a taƙaita tarihin Ak Mechet a kansa, domin ƙauyen ya rayu fiye da shekara arba'in bayan annabcinsa ya faɗi.

Me ya kawo ƙarshen ƙauyen?

An kifar da sarautar Khiva a 1920, yankin ya shiga hannun gwamnatin Sobiyet. Da aka zo tilasta wa manoma shiga gonakin haɗin gwiwa na gwamnati, mutanen Ak Mechet suka ƙi, ganin cewa hakan zai raba su da ikon tafiyar da makarantarsu da ibadarsu. A 1935 aka kama maza goma daga cikin shugabanninsu aka yanke musu hukuncin kisa. Ranar da mota ta zo ɗaukar su, matan ƙauyen da 'ya'yansu suka kewaye ta, wasu suka kwanta a gabanta suna cewa a tafi da su duka ko a bar su duka. Hukuma ta fasa kisan, amma ta kwashe ƙauyen gaba ɗaya ta zubar da su a wani busasshen fili a kudancin Tajikistan, wanda ba shi da suna sai lamba: Ƙauye na 7.

Akwai abin da ya saura a yau?

Gidajensu sun shuɗe, zuriyarsu ta warwatsu a Jamus da Kanada da Amurka. A 2007 wata tawagar 'yan Menonayit daga Arewacin Amurka, ciki har da jikokin matafiyan, ta ziyarci Serabulak, limamin wurin ya shigar da su masallacin da kakanninsu suka yi ibada. A 2019 kuma aka buɗe wani ɗan gidan tarihi a Ichan Kala, tsohon birnin Khiva mai ganuwa, inda aka ajiye tufafinsu da kayan aikinsu da hotunansu.