Sinadaran kayan lambu da sankarar ƙwaƙwalwa

Tsirrai da yawa suna haɗa sinadarai a jikinsu don kare kansu daga ƙwari, kuma masana sun ga wasu daga cikinsu suna kashe ƙwayoyin sankarar ƙwaƙwalwa a ɗakin gwaji. Binciken ya fi karkata ga giliyobilastoma, mafi tsanani a cikin sankarar ƙwaƙwalwa da ke kama manya, wadda ko an yi tiyata, an yi gashi (wato ƙona ƙwayoyin sankarar da haske mai ƙarfi na na'ura), an ba da maganin temozolomid, kusan rabin marasa lafiya ba sa wuce wata 15 a raye.

Sinadarin da ya fi suna shi ne salforafen, wanda Paul Talalay da abokan aikinsa suka ware daga burokoli a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 1992. Akwai shi a kabeji, wanda ake kira shu a kasuwannin Maradi. Sai an yanka ganyen ko an tauna shi yake samuwa, domin a lokacin ne sinadarin da yake fitowa daga gare shi ke haɗuwa da wani sinadarin da ke narkar da shi ya zama salforafen, doguwar dahuwa kuwa takan lalata wannan mai narkarwar. Zogalen da ake nomawa a lambunan Gulbin Maradi, ake cinsa a kwaɗo da dambu, yana da ɗan'uwan salforafen mai suna moringin. Tafarnuwa tana da sinadarai masu farar wuta, albasa kuma tana da kwasetin. A kwanon gwaji, waɗannan sinadarai sukan hana ƙwayar sankara rabuwa, ko su tilasta mata kashe kanta.

Amma tsakanin kwanon gwaji da jikin mutum akwai tafiya mai nisa. Hanji da hanta suna sauya yawancin sinadarin kafin ya zaga jiki, sannan akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda ke tare magunguna da dama. Har yanzu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sinadaran tsirrai da likitoci suka amince da shi a matsayin maganin wannan cuta, don haka abin tausayi ne a ga iyali sun tsaya ga shan zogale alhali mai ciwon kai da farfaɗiya yana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa. A Nijar, cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai ta fara gashi a 2021.

Tsiro ya taɓa ba da magani na gaske a wannan fanni. Binkiristin, wanda aka ciro daga wani fure na Madagaska, yana cikin haɗin magunguna uku da ake ba masu wasu nau'o'in sankarar ƙwaƙwalwa.